Farautar bayan kaka a dajin Barmu: jagora ga mai fitar farko

Da zarar an gama yankan gero a ƙasar Barmu, an kai dammuna rumbu, iska ta fara juyowa daga arewa maso gabas, sai hankalin samari ya koma daji. Mai kare ya shiga duban ƙafafun karensa, mai kere ya sauko da shi daga saman rumfa ya kakkaɓe masa ƙura. Wannan rubutu nasu ne, musamman wanda bana ne farkon fitarsa, kuma ba shi da wani tsoho a gida da zai riƙe wa goran ruwa ya bi bayansa yana koyo.

Tun kafin ka ɗaura takalmi, ka cire babban nama daga ranka. Labarin da kakanni ke bayarwa na jimina da garken barewa a arewacin Adar, da warwaji a filayen Azawak, ba ƙarya ba ne, amma zamaninsa ya wuce. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun karya daji, gonaki suka haura arewa suka cinye makwancin nama, rijiyoyi suka kai garken shanu inda da sai naman dawa, sannan mota da bindigar zamani suka ƙarasa abin da ya rage. Warwaji, farin naman nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya, a shekarar 2000 ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa babu sauransa a daji ko'ina cikin duniya. Sai a 2016 aka kwaso waɗanda aka kiwata a tsare aka sake su a ƙasar Cadi. Raƙumin dawa kuwa, a 1996 guda 49 suka rage, duk a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka tsare su, suka hayayyafa suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun dajin Gadabeji, gabas da mu, a ƙasar Dakwaro. Hannun mutum ne ya ƙarar da nama, kuma inda hannun ya janye an ga nama ya dawo.

Abin da dajinmu ke da shi yau zomo ne, da zabon daji, da fakara, da kurciya da hasbiya, da kurege, sai agwagin ruwa ga wanda ya gangara tabki. Kada ka raina su. Wanda ya iya bin sawun zomo a kan fako ya fi mai harbin barewa daga bayan mota sanin daji, nesa ba kusa ba.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne fita ran da aka kai damin ƙarshe gida. A lokacin wake bai gama bushewa ba, dawar fadama tana tsaye, kabewa da guna suna kwance a gonaki. Ka bi zomo da karnuka ta cikin gonar mutum, ka sayo wa kanka ƙara a gaban mai gari. Zabuwar daji da damina take ƙyanƙyasa, saboda haka a watan Oktoba ƴaƴanta ba su gama ƙosawa ba, kashe uwar kuwa a lokacin kashe gida guda ne. Ciyawa tana da tsawo, maciji yana yawo. Ka jira a saki gonaki, wato ranar da hukuma ke sanarwa kowace shekara cewa makiyaya na iya shigar da dabbobinsu. Ka jira sanyi ya sauka sosai, shanu su tattake ciyawa. Mutanen da sun fi mu tsari a nan. A ƙasashen Azna babu mai taɓa naman dawa sai an yi buɗin daji, manya sun taru sun ba da izini, kuma har yanzu ana irin wannan taro a Masalata kusa da Ƙwanni. Ko mene ne ra'ayinka game da abin da ake yi a wurin, amfanin tsarin a fili yake: akwai watannin da ake ƙyale daji ya huta.

Yau hukuma ce ke buɗe daji. Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07, ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ta ce ba a farauta sai da takardar izini, kuma sai cikin lokacin da aka buɗe. Takardun iri-iri ne, daga cikinsu akwai ta farautar gargajiya, ita ce ta shafi mai kare da kere. Ka je wurin ma'aikatan gandun daji na gundumarku, ko ofishinsu na Tawa, ka tambaye su abu uku: an buɗe ko ba a buɗe ba, wace takarda ta dace da kai, waɗanne dabbobi ne ke cikin jerin waɗanda ba a taɓawa. Raƙumin dawa da jimina da giwa suna cikin jerin, amma bai tsaya a kansu ba, akwai tsuntsaye a ciki da ba za ka zata ba. Dokar ta hana farautar dare, da fitila ko babu fitila. Ta hana bin nama da mota ko babur. Ta hana kora da wuta, da raga, da haƙa rami. Ta hana guba da makamin yaƙi. Takardar bindiga daban take da takardar farauta, samun ɗaya ba ya ɗauke maka ɗayar. Tabkin Tabalak kuma tun 2005 yana cikin dausayoyin da duniya ta san da zamansu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, tsuntsayen da ke sauka a kansa da sanyi wasunsu daga Turai suke tasowa. Kada ka ɗaga bindiga a bakinsa sai ka ji daga bakin masu gandun daji.

Akwai kuma abin da kakanninmu ba su sani ba. Tun 2017 gundumomin Tiliya da Tasara suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Mutum da bindiga a kafaɗa cikin dajin arewa, jami'in tsaro ba zai tsaya tantance ko zomo yake nema ba. Ka tsaya dajin da aka san fuskarka, ka faɗa wa mai gari da mutanen gidanka inda ka nufa, ka dawo kafin magariba.

Kayan aiki ba su da yawa. Kere mai nauyin kai wanda ya dace da hannunka, wuƙa mai kaifin gaske a kube, ruwa wanda zai ishe ka da karenka, takalmi rufaffe da wando mai kauri saboda ƙarangiya da ƙaya, riga mai launin ƙasa. Farar riga daga nesa take sanar da zuwanka. Ashana da taba, bar su a gida. In kana da adaka, ka duba bakinta kafin ka ɗura, kada yashi ya toshe shi. Kada ka ƙara albarushi kan ma'aunin da mai ita ya saba. Kada ka yi tafiya kunamarta na ɗane. Kada ka taɓa harbin motsin da ba ka ga mai shi ba. Bayan kalgo yana iya zama zabo, yana kuma iya zama yarinya mai tsintar itace.

Yanzu sai ainihin sana'ar, wato karatun ƙasa. Ka fita da asuba, ka isa inda za ka fara lokacin da rana ke ɓullowa. Hasken da ke zuwa a kwance shi ke sa wa sawu inuwa. Idan rana ta kai tsaka, sawun da ka gani ɓaro-ɓaro da safe sai ya ɓace maka a ido alhali yana nan. Ka sa sawun tsakaninka da rana, ka bi gefensa, kada ka taka shi, don in ya ɓace maka ka iya komawa inda ka gan shi na ƙarshe. Ka durƙusa ka duba da kyau. Sabon sawu bakinsa kaifi gare shi, yashin cikinsa ya ɗan fi na gefe duhu saboda sanyin dare. Wanda ya kwana bakinsa ya zube, iska ta zuba masa ɗan tsaki. In ka ga zanen buzuzu ko na ɓera ya ratsa ta kansa, to mai sawun ya wuce tun farkon dare, kada ka wahalar da kanka.

Sawun zomo yana ruɗar baƙo, domin in yana gudu ƙafafun baya ne ke sauka a gaba: dogaye biyu a jere, sannan ƙanana biyu a bayansu, ɗaya bin ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya juya ya bi inda zomon ya fito. Zomon dajinmu ba ya haƙa rami. Da dare yake kiwo, gari na wayewa ya nemi gindin sabara ko anza ko wani cunkuson ciyawa, ya ɗan share ƙasa daidai jikinsa ya lafe, kunnuwa kwance a baya. Kafin ya kwanta yakan koma kan sawunsa sannan ya yi wani dogon tsalle gefe. Don haka inda sawu ya yanke maka kwatsam, kada ka miƙe gaba. Tsaya, ka zaga wurin a hankali kana duban gindin kowane kurmi. Sau da yawa ido za ka fara gani, baƙi wuluk, kafin ka ga jiki. Yana iya barinka ka wuce shi taku biyu bai motsa ba, amma in ka tsaya cik sai ya ɗauka an gan shi ya zabura. Tsofaffin mafarauta shi ya sa suke tafiya suna tsayawa. In ya tashi, gabansa ake jifa, ƙasa-ƙasa, kere na juyawa a kwance don ya share ƙafafu. In kuwa ya tsere, kada ka yanke ƙauna, zomo ba ya son barin inda ya sani, yakan yi babban zagaye ya komo. Ba banza aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu ba.

Zabi nasu daban ne. A kan itace suke kwana, gawo ko bagaruwa mai tsawo a bakin korama, kuma ƙasan itacen zai gaya maka: kashi fari-fari, da gashi mai ɗigo-ɗigo. Da safe su sauko su yi kiwo a tsofaffin gonaki, rana ta yi zafi su shiga inuwa su yi wankan ƙasa, da la'asar su nemi ruwa. Ido gare su kamar me, kuma sun fi son gudu da ƙafa a kan tashi, saboda haka bin su a baya aikin banza ne. Ka gane hanyarsu yau, gobe ka riga su zuwa ka laɓe. Kada ka harbe su a makwanci. Ban da cewa farautar dare ce, garken da aka firgita a makwancinsa barin yankin yake yi. Fakara kuma da kanta take faɗin inda take, da kukanta na asuba daga kan suri ko tudu.

Duk wannan ba ya aiki in iska ba ta tare da kai. Nama mai ƙafa huɗu da hanci yake tsaron kansa, tsuntsu da ido da kunne, iska kuwa tana kai wari tana kai motsi. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, to ka shirya tafiyarka yadda za ta riƙa dukan fuskarka. Ka ɗebi garin ƙasa ka saki daga tsayin ƙirji ka ga inda ya nufa, ka riƙa maimaitawa, don a cikin kwazazzaban Adar iska takan juya ba sallama. Maharban da sun kai wannan sana'a inda ba mu kai ba. Sukan ɗaura burtu a goshi, wato kan tsuntsun nan da aka sassaƙa aka rufe da fata, su lulluɓe da baƙin zane, su yi rarrafe suna sunkuyar da kai suna ɗagawa yadda burtu ke kiwo, har su shiga tazarar kibiya nama bai tsorata ba. In ka sami tsohon da ya iya, ka roƙe shi ya nuna maka, ko don kada abin ya bi shi kabari.

Kare shi ne rabin farautar ƙasar nan, mu kuwa muna maƙwabtaka da masu karnukan da duniya ta sani: dogon karen Azawak mai siririn ciki, wanda Buzaye ke kiwo, da ido yake farauta, gudunsa kuma sai wanda ya gani. Amma gudu ba shi ne horo ba. Tun yana kwikwiyo za ka koya masa ya zo in ka kira, ya tsaya in ka tsawata, ya saki abin da ya kama in ka iso. Ka ja masa busasshiyar fatar zomo a igiya, in ya kama ka karɓa ka ba shi lomar tuwo, har ya gane cewa sakin ne ke kawo lada. Ran da ya fara bin akuya ko ɗan rago, ran nan za ka hana shi da gaske. Bayan kaka garken Fulani da na Buzaye suna gangarowa kudu, kare guda mai cizon tumaki ya isa ya haɗa gari da ruga faɗa. Ka riƙe shi a igiya har nama ya tashi. Duwatsun Adar suna yanka tafin kare. Ka duba ƙafafunsa duk inda kuka huta, ka cire masa ƙarangiya daga tsakanin yatsu, ka ba shi ruwa kafin ka sha. Ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar ciwon hauka, tun da a daji yana gamuwa da dila. In kare ko dila ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi likita a ranar.

In farautar taro ce, wadda ake kaɗa ganga tun dare a sanar, to akwai babba, kuma maganarsa ita ce magana. Sabon shiga gaisuwa yake fara yi: «Baba, ina zan tsaya?» Inda aka nuna maka nan za ka tsaya. Ana jeruwa ne a sahu guda, tsakanin mutum da mutum gwargwadon jifan kere, a riƙa tafiya kafaɗa ɗaya, masu karnuka a gefe-gefe. Wanda ya zarce gaba ya ɓata wa kowa, ya kuma sa kansa a bakin jifa. Ba a jifa ta tsawon sahu, gaba ake jifa ko baya. Ni a ganina bindiga ba ta da wuri a farautar taro ko kaɗan. Sai kuma abin da ya ɓata sunan farauta a ƙasar Hausa duka, wato ƙwace. Ƙa'idar tsofaffi a sarari take: nama na wanda ya fara sa masa makami ne, ko wanda karensa ya fara kamawa. In an yi gardama, a ajiye naman a gaban babba ya raba. An sha zare wuƙa a kan zomon da bai cika tukunya ba, ƴan gari biyu su shekara ba sa cin kasuwar juna. In wani ya riƙe ƙafar zomonka ya ƙi saki, ka sakar masa, ka kai magana gaban manya da yamma. Ba tsoro ba ne.

Wuta kuwa, ko a mafarki. Ciyawar da ke tsaye a arewacin Tawa bayan damina ita ce rumbun makiyayi har ruwa ya sake sauka, kuma kowace shekara ana kashe kuɗi da ƙarfi ana share hanyoyin tare gobara a ƙasashen Abalak da Cintabaradan. Mai cinna wa rami wuta don kurege ya fito, iskar hunturu ba za ta tambaye shi iyakar inda yake so ta tsaya ba.

Nama ya faɗi, saura ya halatta. Suratul Ma'ida, aya ta 3 da ta 4, da babin farauta na Risala da ake karantawa a zaurukanmu, sun yi bayani, ga kuma abin da ya fi shafar mai kere. Abin da sanda ko kere ko dutse ya buge ya mutu ba a yanka ba, mushe ne. Don haka jifa na sauka, gudu za ka yi da wuƙa a hannu, ka same shi da rai, ka fuskantar da shi alƙibla, ka yi bisimilla ka yanka. Wuƙar da ke can ƙasan jaka ta sha jawo wa mutane asarar wahalar yini. Abin da horarren kare ya kashe kafin ka iso yana halatta in kai ka sake shi da niyya ka ambaci sunan Allah. In shi ya tafi da kansa, ko wani karen da ba a san wanda ya sako shi ba ya sa baki, sai in an riske shi da rai an yanka. Malamanmu na Malikiyya sun kuma karhanta farauta don wasa kawai. Abin da ba za ka ci ba, kada ka kashe.

Ka feɗe ciki nan take, kada ka bari sai gida, zafin rana da kayan ciki su ke ɓata nama. Ka cire matsarmama a hankali kada ta fashe. Ka duba hanta: in ka ga farare-fararen ɗigo ko ƙuraje masu ruwa, ka binne kayan cikin, kada ka jefa wa kare ɗanye, ta nan tsutsa ke zagayowa gida. Ka rataya naman inda iska ke ratsa shi, ban da leda. Wanda ba za a dafa a ranar ba, a shafa masa gishiri a yi banda da shi. Dabbar da ka tarar a mace, ko tsuntsun da ka ga yana layi ya kasa tashi, kada ka taɓa. Murar tsuntsaye ta shigo Nijar tun 2006 ta Magarya, ba labarin wata ƙasa ba ne. In ka isa gida, ka tuna da mai karen da ka ara da tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku.

Kububuwa ita ce macijin duwatsu da fako, ƙarama ce, launinta na ƙasa, dafinta hana jini daskarewa yake yi. Kada ka zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da duk abin da zai matse, a ɗaura wa ƙafar sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin a kai shi likita mafi kusa, in ta kama a wuce da shi asibitin Tawa. Jin sauƙi a awa ta farko ba shaida ba ce, jinin yakan ɓalle daga baya.

Wata rana, in kana da rabo, za ka hau wani tudu ka ga barewa tsaye tana kallonka, ko tuje ya ɗaga kai daga cikin ciyawa. Jikinka zai ɗauki rawa, karenka zai ja igiya. Ka riƙe shi da hannu biyu. Waɗanda suka rage a tsakanin Barmu da Azawak ba su kai a ɗebi ko ɗaya daga cikinsu ba, ko da takardarka ta ba ka dama. In kuma ka ga fitilar mota tana yawo a daji da tsakar dare, ka sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji tun da safe.